Azurfa ko jan ƙarfe: littafin aikin lasifikar masallacinmu a Agege

Asabar, 18 ga Mayu, 2024

Gardamar da muka yi da Alhaji jiya a hanyar dawowa daga Juma'a ita ta sa na buɗe wannan littafi. Lasifikar masallacin layinmu ta daɗe ba ta da lafiya. Kiran asuba ba ya wuce gida goma, in ladan ya ɗaga murya kuma sai ta kama kakari kamar mai mura. Alhaji shi ne shugaban kwamiti, ɗansa da ke karatu a waje ya gaya masa cewa a duk ƙarafan duniya babu mai ɗaukar wuta kamar azurfa, shi ke nan magana ta zauna masa.

"Kai da ka yi shekara da shekaru kana gyaran kayan wuta, ba ka san wannan ba? Ɗakin Allah ne, a sa masa mafi kyau."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron bai yi ƙarya ba. Ratar ce dai ba ta kai a sayar da rago ba."

Ya ce shi bai san wannan ba, gani ya kori ji. Ya zaro kuɗi ya ce in samo azurfar in gwada, in kawo masa lissafi a rubuce.

Abin da na riga na sani ke nan kafin in taɓa komai. Akwai ma'aunin da aka amince da shi tun 1913, wanda ya ɗauki jan ƙarfe mai laushi a matsayin 100. A kansa azurfa tana ɗan haura 105, zinariya 70 da 'yan kai, alminiyam 61. Waya mai tsawon mita 1 da kaurin sukwaya milimita 1, in ta azurfa ce turjiyarta, wato yadda take hana wuta wucewa, miliom 15.9, in ta jan ƙarfe ce zalla 16.8, ta kasuwa mai kyau kuma wajen 17.2. Wannan a digiri 20 ne, sanyin da shagona bai taɓa gani ba.

Talata, 21 ga Mayu

Ba a sayar da wayar azurfa a ƙulle kamar ta wuta. Na leƙa Computer Village a Ikeja, duk wanda na tambaya sai ya miƙo min dalmar liƙi mai ɗan sirkin azurfa, ko ya yi min kallon wanda rana ta taɓa. Daga ƙarshe wurin Baba maƙeri na nufa, wani dattijon Buzu da ke ƙera zobba a bayan kasuwa, wanda ya ce a Agadas ya koyi sana'ar wurin kawunsa.

Na zauna na kalli yadda yake jan waya. Ya narka azurfar ya zuba ta a ɗan kwari, ta fito kamar tsinken tsire. Ya bubbuge ta, ya fiƙe bakin, ya zura a wani farantin ƙarfe mai jerin huda daga babba zuwa ƙarama, ya kama da awartaki ya ja da ƙarfin ƙirji. Bayan huda biyu ko uku sai ta yi tauri ta fara gardama, sai ya naɗe ta ya gasa har ta yi ja-ja a cikin duhun rumfa, ya tsoma a ruwa, ta koma laushi. Haka har muka iso milimita 0.8, daidai da wayar jan ƙarfen da na zo da ita. Mita 1 da ɗan kamu ta tashi giram 6 a sikelinsa.

Da na ce masa liƙa ta zan yi, sai ya ɗauko sinadarinsa zai koya min. Muka ɗan jima kafin mu gane cewa ba abu ɗaya muke nufi ba. Nasa liƙin na wutar zuga ne, wanda sai zafi ya wuce digiri 600 yake gudu. Nawa kuwa kuza ce da dalma, 60 da 40, haɗin da shi ma dalma muke ce masa, tana narkewa tsakanin 183 da 190. Ya juya tawa a hannu ya ce, "Ɗana, wannan ai ƙaro ne, ba liƙi ba."

Asabar, 25 ga Mayu

Yau na yi wauta a gaban yarona. Na ɗora maltimita a kan wayar jan ƙarfe, ta nuna om 0.3. Na ɗora a kan azurfa, 0.3. Na haɗa bakin igiyoyin na'urar biyu babu waya ko ɗaya a tsakani, nan ma 0.3. Yaro ya ce, "Oga, ashe duk kanwar ja ce, har da iska." Igiyoyin na'urar kansu sun ninka abin da nake son aunawa kusan sau goma, kamar mai neman nauyin ƙwayar gero a sikelin buhu.

Hanyar da ta dace ita ce a raba aiki biyu: wata hanya ta tura wuta, wata daban ta auna. Na ɗauko batirin inbata mai bolt 12, na haɗa LM317, wata 'yar na'urar daidaita wuta, da resisto don ta riƙa sakin amfiya 1 ba ƙari ba ragi, na ɗaura mata ƙarfen sanyaya saboda nan da nan take ɗaukar zafi. Sai na miƙe wayoyin biyu a kan katako da ƙusoshi, na haɗa su jere, bakin wannan a wutsiyar waccan, yadda duk wutar da ta bi ɗaya dole ita ce za ta bi ɗayar. Wannan ne wayon. Ko da amfiyar tawa ba ta cika daidai ba, kuskuren ya hau kansu su biyun, kwatancin bai ɓaci ba. Daga nan na yi alama biyu a jikin kowace waya, tazarar mita 1 cif, na juya maltimita zuwa milibolt na taɓa alamomin. Igiyoyin awo a nan kusan ba sa jan wuta, don haka turjiyarsu ba ta shiga lissafi.

An ɗauke wuta tun azahar, amma wannan gwajin bai damu ba, batiri ne. Fanka ce kawai ta tsaya muka jiƙe sharkaf.

Jan ƙarfe: milibolt 34.1. Azurfa: 39.

Na sake, na musanya wurarensu, na goge alamomin da sanfefa. Haka dai. Azurfar Baba ta faɗi ƙasa warwas.

Talata, 28 ga Mayu

Ruwa ba ya tsami banza. Na koma wurin Baba, kafin in gama bayani ya fara dariya. Azurfar zobe ya ja min, mai lamba 925, wato kashi 92.5 azurfa, 7.5 jan ƙarfe. Zalla ba ta zobe, ta yi laushi, kwana kaɗan za ta lanƙwashe a yatsa.

Abin mamakin shi ne an gauraya na ɗaya da na biyu a duniya, aka samu abin da bai kai ko ɗayansu ba. Hankali zai ce a tsakiya zai tsaya. Amma wuta tana gudu ne a cikin ƙarfen da ƙwayoyinsa suka jeru iri ɗaya, baƙuwar ƙwaya kuwa, ko ta gidan sarauta ce, cikas ce a hanya. Shi ya sa tagulla ba ta kama ƙafar jan ƙarfe, alhali jan ƙarfen ne mafi yawa a cikinta.

Ya karɓi tasa, zai ja min wata daga ƙwayoyin 999. Na ƙara masa kuɗi daga aljihuna. Ban gaya wa Alhaji ba.

Asabar, 1 ga Yuni

Azurfa zalla ta iso, laushi kamar zaren kaba. Milibolt 32.0, jan ƙarfe yana nan a 34.1. Rata kashi 6 da ɗoriya, kamar yadda littafi ya ce. Ɗan Alhaji ya yi gaskiya, na rubuta na ja layi a ƙasa.

Sai na zauna ina neman hanyoyin da wannan kashi 6 zai bi ya salwanta, ban sha wahala ba. Na farko kauri. Faɗin bakin waya yana tafiya ne da kauri sau kauri, saboda haka jan ƙarfe mai milimita 0.83 ya riga ya kamo azurfa mai 0.80. Bambancin bai kai kaurin gashin kai ba. Da maikuromita na bi wayar Baba wuri biyar, na samu tana wasa tsakanin 0.79 da 0.81, wanda shi kaɗai ya isa ya motsa sakamako da kashi 2 ko fiye. Saboda haka ba zan rantse a kan lambar ƙarshe ba, amma ɓangaren da ya rinjaya a fili yake.

Na biyu zafi. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, turjiyar jan ƙarfe tana hawa da kusan kashi 0.39, ta azurfa 0.38. Na kunna bindigar iska mai zafi a ƙasa-ƙasa na bi jikin azurfar, ina kallo lambar tana hawa, 33, 34, har ta wuce ta jan ƙarfen da ke zaune a inuwa. Digiri 17 kacal ake bukata. Wayar da ke kwance a kan kwano da ranar Legas ta fi haka nesa ba kusa ba.

Kuɗi kuma ba a magana. A kasuwar duniya, a farashin 2024, kilon azurfa yana sayen jan ƙarfe wajen kilo 100. Wuri ɗaya na sani da aka yi naɗin azurfa da yawa, shi ma ba don kashi 6 ba. A 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, jan ƙarfe ya yi wa Amurka ƙaranci, sai masu aikin bam ɗin nukiliya suka karɓi aron azurfa daga baitulmalin ƙasar, har tan 14,700, aka naɗa manyan maganaɗisu da ita a Oak Ridge. Aro ne, sai 1970 aka gama mayarwa.

Asabar, 8 ga Yuni

Ranar liƙi, kuma a nan ne na fi koyon abu.

Na saita ayan a digiri 350, dalma 60/40 mai ƙaro a ciki. A kan sabuwar azurfa, wallahi abin sha'awa ne: kana taɓawa dalmar ta malale ta bi jikin waya da kanta kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Jan ƙarfen da aka kankare yanzu shi ma yana karɓa da kyau, sai dai in ya kwana biyu a buɗe dole a sake gogewa. Duka biyun suna jan zafi da sauri, azurfar ta ɗan fi. Na riƙe guntu mai tsawon yatsa da hannu, ban ƙirga biyar ba na yar.

Matsalar azurfa ita ce dalma tana cin ta. Kuzar da ke ciki tana narkar da ƙarfen da ta taɓa, kuma ta fi saurin cin azurfa a kan jan ƙarfe. Baba ya ba ni wani siriri mai milimita 0.2 kyauta, na zaro silin jan ƙarfe mai kaurinsa daga wayar fanka. Na tara dalma a bakin ayan na tsoma su bi da bi. Silin azurfar ya sirance ya yanke, na jan ƙarfe yana nan bai gama ramewa ba. A waya mai kauri wannan ba abin damuwa ba ne in hannu yana da sauri. Inda yake ɓarna shi ne inda azurfar shafe ce kawai: ka daɗe da ayan, ka ɗaga, ka tarar ta tafi. Maganinsa dalmar da aka riga aka ƙosar da ita, kuza 62, dalma 36, azurfa 2, mai narkewa a 179. Tsofaffin na'urorin awon lantarki na kamfanin Tektronix har da ɗan ƙullin irin wannan dalma ake sakawa a cikin akwatinsu, don mai gyara kada ya cinye shafen azurfar da ke jikin tangaran ɗin da ake liƙa kayan a kai.

Na kuma gwada irin wadda babu ƙarfen dalma a cikinta, wadda ta yaɗu bayan dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2006: kuza 96.5, azurfa 3, jan ƙarfe 0.5. Sai wajen 217 take narkewa, ba ta gudu kamar tsohuwar, kuma in ta huce fuskarta dishi-dishi. Yarona ya ɗauka liƙin ne bai kama ba, zai sake. Na ce ya bari, halinta ke nan. Masu sayarwa suna son su ce wannan kashi 3 yana ƙara wa sauti daɗi. Ni dai abin da na sani yana ƙara wa liƙi ƙwari, ya ƙara wa mai shago riba.

Ga abin da ya kamata in fara gaya wa Alhaji tun ranar farko. Ita dalmar kanta ba ta da kirki wurin ɗaukar wuta, turjiyarta ta ninka ta jan ƙarfe wajen sau 8 zuwa 9. Na yi gami iri biyu. Ɗaya na murɗe wayoyin da juna sosai sannan na bi da dalma kaɗan, ya ba ni abin da bai kai milibolt 1 ba. Ɗayan na yi irin na gaggawa, na jera su ban murɗe ba, ban bari waya ta yi zafi ba, na ɗiga dalma ta dunƙule a kai kamar kashin akuya. Lambar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, in na taɓa ta haura 10. Duk ribar mita 1 na azurfa milibolt 2 ce.

Laraba, 12 ga Yuni

Hutu ne, layi shiru sai kukan raguna. Na yanka guntaye daga kowace waya, har da wata mai rigar Teflon, roba mai jure zafi, da na ciro daga tsohuwar na'urar sadarwa, jan ƙarfe ce da aka shafe da azurfa. Kaso ɗaya na rataye a bayan shago tsakanin janareta da kwata. Kaso ɗaya na rufe a kwalba da rabin dafaffen ƙwai. Sai bayan Sallah.

Asabar, 22 ga Yuni

Na kwalba sun yi baƙi ƙirin, ƙwan kuma bai kamata a buɗe shi a cikin shago ba, maƙwabciyata mai buka ta faɗa min haka da Yarabanci da Hausa. Na bayan shago sun fara launin shayi. Farar wuta ce ke yi wa azurfa haka, ita ke cikin warin ƙwai da na kwata, har robar ɗaure kuɗi tana da ita. Jan ƙarfen ya dushe ya koma ruwan ƙasa.

Dukansu sun ƙi dalma sai da na goge. Bambancin da na gani a wurin matsewa ne: baƙin azurfa laushi gare shi, da na ɗaure guntun a ƙarƙashin sukuru sai ya murje, awo ya dawo kusan yadda yake. Na jan ƙarfe ya fi taurin kai. Shi ya sa ake sa azurfa a bakin rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, da sauran makunnai masu kyau, nan kam tana cin kuɗinta.

Wani wurin kuma shi ne rediyo. In wuta tana kaɗawa da sauri sosai, fatar waya take bi ta bar ciki. A kaɗawa 50 na wutar gida zurfin ya kai milimita 9, a ƙarshen abin da kunne ke ji kusan rabin milimita, amma a tashoshin FM bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. A can shafen azurfa yana da ma'ana. Muryar ladan ba ta kusa da wurin. Mai rigar Teflon kuwa dalilinta daban: zafin da ake sa rigar da shi ya fi ƙarfin shafen kuza, mai narkewa a 232. Kuma in shafen ya ƙwarzane danshi ya shiga, jan ƙarfen ciki yana yin wata jar tsatsa. Da daminar Legas ba zan rataye ta a waje ba.

Asabar, 29 ga Yuni

Makonni shida ina auna wayoyin da ba su da laifi, yau na hau tsani na duba mai laifin. Kunya ta kama ni.

Daga amfilifaya zuwa ƙahonni biyu da ke saman hasumiya mita 40 ne, zuwa da dawowa 80. A jikin wayar an buga 1.5, wato kaurin sukwaya milimita 1.5. In gaskiya ne, ya kamata in samu kusan om 0.9. Na haɗe bakinta a sama, yaro ya auna a ƙasa ya cire na igiyoyi, ya ɗago kai ya ce, "Oga, 2.6!"

Na yanko guntu na kankare da reza, jan ya tafi, fari ya fito. Na kunna mata laita, silin ya lanƙwashe ya zube nan take. Alminiyam ce aka yi wa rigar jan ƙarfe, kaurin ma bai cika ba. Alminiyam tana narkewa a 660, jan ƙarfe sai 1085, shi ya sa laita ke tona asiri. A wurin sukurun ƙaho ɗaya kuwa wayar ta zama farin gari, sili uku ne kawai suka rage suna riƙe da kiran salla. Ƙarafa biyu mabambanta in suka haɗu da danshi mai gishiri, alminiyam ce ke biyan bashi. A tsakiyar hanya kuma na tarar da gami biyu da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, ruwa kwance a ciki. Ga kakarin.

Da la'asar na kai wa Alhaji takarda. Ƙahonnin biyu a haɗe om 8 ne. Da wayar yanzu, kusan rubu'in ƙarfin amfilifaya yana ƙarewa a hanya. Da jan ƙarfe na gaskiya mai 1.5, kashi 10. Da azurfa mai 1.5, kashi 9 da rabi, kuma za ta ci kilo 1 da rubu'i. Da jan ƙarfe mai 2.5, kashi 6 da rabi.

Ya sa tabarau ya bi layin da yatsa sau biyu. Ya ce, "Kilo da kwata, a rataye a waje, a Agege?" Ya cire tabarau. "Ai ko sallar isha ba za ta kai ba."

Wanda ya sayo tsohuwar wayar yana cikin kwamiti, yana zaune a wurin. Babu wanda ya kalle shi.

Asabar, 6 ga Yuli

Shekaranjiya na je Alaba, gosulo ya cinye min rabin yini. Na tafi da reza da laita da ɗan maganaɗisu, don akwai mai ƙarfe a ciki ma. Mai shagon farko ya hana ni kankarewa, na yi gaba. Na uku ya miƙo min rezarsa da kansa.

Yau mun ja mai 2.5 guda ɗaya babu gami, a cikin bututun roba, ba ta taɓa kwano ba. Bakunan na matse su a cikin kan tagulla, na rufe da robar da ke tsukewa da zafi, na juya su ƙasa don ruwa ya ɗige. Awo ya ba da om 0.6. A cikin amfilifayar ma na sake liƙin soket ɗin fita, wanda ya tsage zobe guda. In an ƙara ƙaho na uku a bakin titi kamar yadda ake shawara, sai an koma layin bolt 100 da taransifoma, na rubuta wa kwamiti wannan daban.

Da magariba wani mai shayi daga can wajen titin jirgi ya aiko yaro ya tambaya ko sabon ladan aka yi.

Azurfar da ta rage giram 4 da ɗan abu ce, ban da wadda dalma ta ci. Na kai wa Alhaji a takarda. Ya ce in mayar wa Baba ya ƙara mata jan ƙarfe ya yi wa ladan zobe. Litinin zan je, in na tuna in auno yatsansa da zare bayan asuba.